Ta Ce A'a, Na Ce Ta Ce Eh

Kafin in fara, bari in amsa wa waɗanda kuka cika min akwatin saƙo. Na gani. "Ki gode wa Allah." "Irin wannan namijin ba a samunsa sau biyu." Wata ma ta rubuto wai in ba na so in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, da lamba ce matsalar da tuni na tura miki har da kwatancen shagonsa. Ku dai karanta wannan zuwa ƙarshe, in ya so ku zage ni da hujja.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni bazawara ce, ɗinki nake yi. Ina zaune a gidan Yayana, can saman bene, ɗaki ɗaya ni da Mama da 'yata. Shekarar 'yata takwas. Ranar da na haife ta ba ta yi kuka da wuri ba, numfashi ya makara, kuma wannan makarar muke ɗauke da ita har yau. Ba ta zama da kanta. Ba ta riƙe wuyanta. Hannayenta a dunƙule suke kamar mai ɓoye wani abu, ƙafafunta kuma in ta firgita sai su miƙe su harɗe kamar almakashina. Ba ta magana. Ubanta ya yi ta jurewa har ranar da ya gano cewa a danginsu ba a taɓa haifar irinta ba. Yana ɗaura igiyar takalmi ya faɗa min haka, ko ɗagowa bai yi ba.

Amma tana ji. Komai aka faɗa tana ji, kuma tana ganewa. Wannan ne abin da mutane ba sa son yarda da shi, don in sun yarda dole su fara kula da bakinsu.

Tana 'yar shekara huɗu na gano hanyarta. Wata safiya na ɗago riguna biyu ina magana ni kaɗai, irin ta wadda ta saba ba mai amsa mata. Na ce, "Wannan?" Sai ta sauke idanunta ƙasa, wajen kafaɗarta ta hagu. Na ce, "To wannan fa?" Sai ta ɗaga su sama har baƙin ya kusa ɓacewa. Na sauya hannu, na sake tambaya. Ta sake zaɓar rigar nan dai. Na zauna daɓas a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka sake ni.

Sama eh ne. Ƙasa ta hagu a'a ne. Kalmomi biyu ke nan take da su a duniya. Yaya ne ya sa mata suna Alƙaliya, wai ita ba ta sauraron lauya, in ta yanke ta yanke. Sunan ya bi ta har a asibiti.

Da kalmomin nan biyu muke rayuwa. In ina ba ta abinci sai na tambaya, "Kin haɗiye?" kafin in ƙara cokali, don in na yi gaggawa abincin hanyar numfashi yake bi. In tana nishi sai in bi jikinta da tambaya: kai ne? ciki ne? ƙafa ce? har mu iso wurin. Kuma akwai alkawari tsakaninmu. Duk ranar da za mu je wajen masu motsa mata gaɓoɓi, inda ake miƙe mata ƙafa tana hawaye, nakan tambaye ta ko tana son zuwa. Kullum a'a take cewa. Ni kuma kullum sai in ce, "Na ji. A'a kika ce. Amma dole." Ina iya ƙin bin maganarta, uwa ce ni. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in sauya ta. Ta san wannan. Shi ya sa take amsa min ko da ta san ba za ta ci nasara ba.

To, sai ga Mai Labule.

Shagonsa na labule da zanin gado ne a bakin babban titi, ni nake masa kalmasa da ɗinkin zobba. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Mutum ne mai jiki, mai tsabta, wanda turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Wata rana ya hawo da kansa karɓar aiki, yana haki, ya tarar da Alƙaliya kwance a katifarta kusa da kekena. Mutane iri biyu na sani a wannan lokacin, masu kau da kai da masu ƙura ido. Shi durƙusawa ya yi. Ya taɓa dunƙulallen hannunta, idonsa ya cika. Wallahi ranar na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wanda na ɗauka tuni ya mutu.

Ba zan zalunce shi ba. Shi ya kawo mata kujera mai taya, mai maɗaurin ƙirji da matashin kai. Bai taɓa barin famfas ɗinta ya ƙare ba. Da maganar aure ta taso, ban ce masa komai ba ya sa aka fasa dakalin ƙofar gidansa aka yi gangare. Ya turo min hoton, siminti bai ma bushe ba, ya rubuta: "Hanyar gimbiya." Sauran manema kuwa, kafin su gama gaisuwa sun tambayi wa za a bar wa yarinyar.

Amma ku ji yadda yake shigowa. Takalmi ɗaya na ƙafarsa bai ma cire ba zai sure ta ta hammata ya ɗaga sama. "Ina 'yar aljannata!" Jikinta ya sandare, bayanta ya banƙare, bakinta ya buɗe da wata ƙara.

"Kin gani? Dariya take min!"

Ba dariya ba ce. Dariyar Alƙaliya ba ta da sauti. Hancinta ne ke tattarewa, kafaɗunta su riƙa rawa. Wannan da yake gani firgici ne, kuma bayan ya tafi sai na daɗe ina murza mata cinyoyi kafin su saki.

Na gaya masa. "Yallaɓai, ana fara gaya mata ne. A ce zan ɗaga ki, a jira ta shirya, a sa hannu ƙarƙashin cinyoyi a naɗe ta. Kuma tana da eh da a'a, in ka tsaya zan nuna maka."

"To, Malama," ya ce yana dariya, yana duba wayarsa. "Ke dai akwai ki da doka. Ai su irin waɗannan ba su da lissafi, zuciyarsu fara ce tas. Mu ne dai muke neman lada da su."

A gabanta ya faɗa. Na ga idanunta sun sauka wajen kafaɗar hagu, alhali ba wanda ya tambaye ta.

Saƙonninsa ma haka suke. "Barka da safiya, uwar 'yar aljanna. Jiya na ba abokaina labarinku har wani ya yi hawaye." Ko kuma: "In na tuna ladan da ke jirana sai in ji na ƙagu." Wata rana na daure na rubuta masa, "Ni fa?" Ya amsa da sauri: "Ke ai gyara ce aka ɗora min a kai," da fuskar dariya har guda uku. Na san wasa yake. Na ajiye wayar na ci gaba da taka keke har zaren ya tsinke ban lura ba.

Za ku ce to me ya hana ni cewa a'a tun a lokacin. Matakala ce ta hana ni. Alƙaliya tana girma, ƙashinta yana nauyi, kuma duk fita sai an sauko da ita a baya. Watannin baya Mama ta ce bari ta taya ni, a tsakiyar matakala bayanta ya amsa. Tun ranar ba ta sake miƙewa sosai ba, da hannu ɗaya a ƙugu take tafiya, salla ma a zaune. Nawa bayan ya fara irin nasa kiran. Ga matar Yaya da ciki ya tsufa, kuma ɗakin da muke ciki shi kaɗai ne ɗakin da ya rage a gidan.

"Ni ba korarki nake ba," in ji Yaya, yana kallon silin. "Amma ki duba Mama. Mutumin nan gidansa a ƙasa yake. Har gangare ya yi. Me kuma kike so, ya haɗa miki da jirgin sama?"

"Yaya, ba ya jin ta."

"Wa ke jin ta in ba ke ba? Zai koya."

Mama tana zaune tana jinmu ranar. Ta dai yi ƙoƙarin tashi daga bakin gado, ta kasa, ta sake gwadawa. Da ta yi magana da ya fi min sauƙi.

Makon jiya ya ce yayarsa za ta zo ta gan mu. Ita ce babba a gidansu, in ta ce to an gama. Ranar zuwan, tun safe aka wanke falon Yaya, aka sauya rigunan kujeru, aka fito da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Na sa leshina ruwan makuba wanda na ɗinka wa kaina ban taɓa samun inda zan sa shi ba, da mayafi ruwan toka, da 'yan kunne na aro daga matar Yaya. Alƙaliya kuma ita ta zaɓi rigarta, rawaya mai buɗaɗɗen baya da igiyoyi, don hannunta ba ya lanƙwasuwa ya shiga wuyan riga. Na ɗinka mata ɗan ƙyalle na wuya daga yadin rigar, yadda in miyau ya zubo zai tare, wanda bai sani ba kuma ya ɗauka ado ne. Na taje mata kai na kama shi gida biyu. Na ce, "Kin yi kyau?" Ta ɗaga ido sama, hancinta ya tattare.

Da la'asar suka iso. Hajiyar ta zauna da jakarta a kan gwiwa, ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dubi labulen falon kafin ta dube ni. Aka gaisa, aka sha lemo. Sannan ta juya.

"Ita ce?"

"Ita ce, Hajiya."

"Allah sarki. Tana jin magana kuwa, ko dai haka take?"

Mai Labule ya yi wuf. "Hajiya, ba ki ga komai ba! Da ido take magana. Uwarta ce mai fassara." Ya ciro waya ya fara ɗaukar bidiyo, ya zagayo ya tsaya a bayana. "Tambaye ta. Tambaye ta ko tana so in zama babanta."

Na ce, "Yallaɓai, ta gaji, a bari wani..."

"Haba, tambaya ɗaya? Hajiya ta gani da idonta."

Hajiyar ta gyara tabarau. Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, matarsa a bayansa da hannu a kan ciki. Mama tana kujerar gefe, daidai inda take ganin fuskar yarinyar. Na durƙusa gaban kujera mai taya, leshin yana cizon gwiwata. Na riƙe hannunta.

"Alƙaliya. Kina so Baba Mai Labule ya zama babanki, mu koma gidansa?"

Amsa ba ta zo mata da sauƙi. Sai ta tattaro jikinta gaba ɗaya, wuyanta yana rawa, kafin idanun su tafi inda take so. Na ga tana aikin. Na roƙi Allah a raina abin da ban san ko mene ne ba. Idanun suka sauka ƙasa, wajen kafaɗar hagu. Kuma ta bar su a can, ba ta ɗago ba, don kada wani ya ce kuskure ne.

Mama ta yi wani ɗan tari wanda ba na mura ba. Yaya ya mai da idonsa silin. Duk mutanen gidanmu sun ji abin da ta ce, sarai kamar da lasifika ta faɗa. Baƙin ne kawai ba su ji ba, suna jiran bakina.

"Me ta ce?" in ji Hajiyar.

Na ga hannun Mama a ƙugunta. Na ga matakalar nan a idona, daga sama har ƙasa.

"Ta ce eh."

Ban san muryata za ta iya fita da daɗi haka ba. Mai Labule ya yi kabbara. Mama ta ce alhamdulillahi har da ɗaga hannu. Hajiyar ta cire tabarau tana share ido da gefen mayafi, tana cewa ikon Allah, ikon Allah. Shi kuwa ya miƙa wa Yaya wayar, ya kwance maɗaurin ƙirjin, ya sure ta sama. Jikinta ya sandare kamar kullum. Amma ba ta yi ƙarar ba. Ta saman kafaɗarsa take kallona, kai tsaye, ba sama ba ƙasa.

Bayan sun tafi na dama mata dankali da madara, na zaunar da ita, na tallafe haɓarta. Cokalin farko ya shiga. Na ce, "Kin haɗiye?"

Ta kalli bango.

"Alƙaliya, kin haɗiye?"

Bango.

Na sa yatsa a maƙogwaronta ina lalube, kamar yadda nake yi tana jaririya kafin mu sami hanyarmu. Haka na ba ta abincin, ina tsoron kowane cokali. Na ce a raina fushi ne, gobe za ta huce. Gari ya waye na ɗago mata riguna biyu, ta kalli tsakaninsu. Na kunna mata waƙar da take so na ce in ƙara sauti, ta kalli fanka. Yaya ya leƙo zai fita aiki, ya ce, "Ranki ya daɗe, yau kotu ba zama ne?" Bai jira ba ya ja ƙofar, don shi ma ya san dalili.

Kada ku ɗauka wannan irin shirun yara ne da ake lallashi da alawa. Shekaranjiya tun safe take wani ɗan nishi ƙasa-ƙasa. Na bi ta da tambaya: kai ne? ciki ne? haƙori ne? Ba amsa. Na duba famfas, na taɓa goshi, na latsa ciki, na leƙa kunne. Ban ga komai ba. Sai da yamma da na zo cire mata takalmin roba da ke riƙe mata ƙafa, na tarar safar ta naɗe a ciki, ta goge mata diddige har fata ta sale. Wuni guda tana ɗauke da shi. Da a da ne, tambaya kaɗan ta isa in gano. Ta gwammace ta sha ciwon da ta ba ni kalmar da zan iya juyawa.

Ina wanke mata ciwon, Mama ta ce daga bakin gado, "Yarinya ce. Za ta manta."

"Ba ta mantuwa, Mama."

"To sai me? Ke da kike ƙarama sau nawa kika ce a'a na ɗauke ki cak na kai aka yi miki allura? Kin mutu?"

"Kin taɓa ce wa mai allurar ni na ce a yi min?"

Sannan ta ce, da muryar da ban saba ji ba, "Ke kina ganin ban gani ba ne? Na gani. Na kuma gode wa Allah da bakinki ya fi zuciyarki hankali. Ni na kusa gamawa, 'yar nan. Bayan nan ba zai sake ɗaukar kowa ba. Ranar da naki ya tsaya, wa zai sauko da ita? So? So ne zai goya ta? Ki bar mutum ya nemi ladansa da ku. Wanda ya aure ki don so ai kin ga inda ya ajiye ki."

"A gidansa za ta zama kayan lada, ba mutum ba."

"Kayan lada ana wanke su, ana ciyar da su. Mutum kuma in ba mai ɗaukarsa, a saman bene yake ruɓewa."

Sai da ta rufe baki na tuna. Ƙafar Alƙaliya tana hannuna. A kanta muka yi maganar nan duka, kamar a kan tebur. Ni da nake faɗa da duniya kan a kula da baki a gabanta.

Na daɗe ina tunanin maganar Mama, kuma har yanzu ban sami inda ta yi ƙarya ba. Abin da ke cin raina ke nan. Da mugu ne da na huta. Da Mama son kanta take da na huta. Kowa a cikin labarin nan alheri yake nufi, kuma duk alherin a kan wuyan yarinyar da ba ta iya riƙe wuyanta ya sauka.

Jiya da hantsi ina kalmasa wani labule mai nauyi ruwan zuma, wayata ta yi ƙara. Shi ne.

"Uwar 'yar aljanna, an tashi lafiya? Da la'asar zan zo da samfurin yadi, ita za ta zaɓi labulen ɗakinta da kanta."

Kafin in amsa wani saƙon ya shigo.

"Kin san bidiyon nan na kalle shi ya fi a ƙirga. Ki yafe min, da ban yarda tana magana ba. Yanzu na yarda."

Na ji idona ya yi zafi. Na ce ko dai Yaya ya yi gaskiya, zai koya? Sai na uku ya faɗo.

"Har na gane yarenta ba ki koya min ba. In ta kalli ƙasa ta hagu, eh ne. Ashe duk lokacin da na ɗaga ta eh take ce min! Na ma nuna wa Hajiya da 'yan gidanmu, kowa ya riƙe."

Na karanta. Na sake karantawa. Ƙafata ta sauka daga kan keke.

Ku tsaya ku gane abin da na yi. Ba rana ɗaya na sace mata ba. A gidan da zan kai ta, duk ranar da ta ce a'a za a ji eh. A ɗaga ki? Ƙasa. A sure ta. Kin haɗiye? Ƙasa. A ƙara cokali. Ranar da na fita kai ɗinki na bar ta da su, da murmushi da kyakkyawar niyya za su shaƙe min 'ya, suna cewa ita ta ce a ƙara. Kalmomi biyu gare ta a duniya, na ɗauki ɗaya na ba mutane a juye.

Na bar labulen ya zube ƙasa. Na jawo kujerarta tsakiyar ɗaki, na durƙusa yadda na durƙusa ranar. Mama tana bakin gado tana shafa man zafi a ƙugu, warinsa ya cika ɗakin.

"Alƙaliya, dube ni. Ba tambaya zan fara yi ba."

Tana kallon bango.

"Ranar nan a'a kika ce. Na gani. Mama ta gani, Kawu ya gani. Ni na ce kin ce eh. Ƙarya na yi. Ba kuskure ba ne, ina sane na yi."

Mama ta ce, "Ke!" Ban juya ba.

Na karanta mata saƙonnin nan uku, kalma da kalma, ban rage komai ba. A na ukun na ga yatsunta sun ƙara dunƙulewa.

"Yau zai zo. In na gaya masa gaskiya, wataƙila ya ji kunyar 'yan gidansu ya fasa. In ya fasa, muna nan a saman bene, ni da ke da bayan Mama. Ba zan ɓoye miki ba." Na riƙe hannunta. "In gaya masa?"

Ba ta motsa ba. Na jira. Na saba jira, shi ne rabin aikin uwar irinta. Can sai wuyanta ya fara rawa. Idanun suka bar bango a hankali. Ba kaina suka zo ba. Kan Mama suka tafi, kan hannun nan da ke ƙugu, suka daɗe a wurin. Sannan suka zo kaina.

Suka sauka ƙasa, wajen kafaɗar hagu.

Na ɗauka ban yi tambayar daidai ba. Na juya tambayar, yadda nake yi in ina son tabbaci. "In bar shi a haka? In yi shiru, mu tafi gidansa?"

Sama. Har baƙin ya kusa ɓacewa.

Maganarta ta farko ke nan tun ranar. Na yi kwana da kwanaki ina roƙon ta ce min wani abu, ko mene ne, ga shi ta ce. Yarinya 'yar shekara takwas ta saurari abin da muka faɗa a kanta, ta auna bayan kakarta da nata ran, ta yanke wa kanta hukunci. Ni na koya mata. Da can abin da take so kawai take faɗa. Yanzu ta iya faɗar abin da ya kamata, kamar kowace mace a gidanmu.

Mama ta sa gefen zani ta rufe fuska. "Kin ji dai," ta ce daga ciki, muryarta a karye. "Da kanta ta faɗa. Wannan karon ba ke kika sa mata a baki ba."

Gaskiya ne. Wannan karon ba mai cewa na yi ƙarya. Ga izini a hannuna, sahihi, daga bakin mai shi. Zan iya miƙewa in sa leshina, in karɓi samfurin yadi, in yi murmushi, kuma ko a gaban Allah in ce ita ta ce.

Masu cewa in gode wa Allah, ga inda nake so ku tsaya ku dube ni da kyau.

La'asar ta yi ina nan durƙushe, ƙafafuna sun mutu. Wayar ta yi ƙara a ƙasa kusa da labulen. "Na iso, ina ƙasa. In hawo?"

Na goge mata miyau da ɗan ƙyallen wuyanta. Na tallafe haɓarta yadda idonta zai sami nawa ba tare da ta sha wahala ba.

"Na ji," na ce mata. "A'a kika ce. Kada in gaya masa. Na ji sarai, kuma duk wanda ya tambaye ni haka zan ce kin ce."

Tana kallona.

"Amma dole."

Hancinta bai tattare ba. Ba ta yafe min ba, kuma ban roƙa ba. Amma ba ta mai da idonta bango ba.

Na ɗauki wayar na rubuta: "Hawo. Amma yau kada ka ɗaga ta. Ka zauna tukuna, akwai maganar da ta faɗa wadda ban isar maka daidai ba."

Alamar ya karanta ta fito. Bai amsa ba. Mama ta fara salati ƙasa-ƙasa. Daga can ƙasan matakala na ji takunsa, mai nauyi, yana hawowa yana tsayawa, kuma tun bai kai rabi ba turarensa ya riga shi shigowa ɗakin.